Yadda Injiniya Ya Yi wa Jita Sabis

"Tsirkiya shida! Shida kacal! Ni da nake kwance injin mota in zube shi a ƙasa kamar tsakuwa, in mayar da shi ko noti ɗaya bai yi saura ba, ni za a tsorata da tsirkiya shida? A ba ni wata ɗaya. Watan ma don kada a ce na cika baki ne."

Injiniya ne mai wannan magana, kuma a kan kujerar aski ya yi ta, da ƙyalle ɗaure a wuya kamar jaririn da za a ba abinci.

Kada sunan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Babu makarantar da ta ba shi. Shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta da jan fenti a ƙofar garejinsa. Bakanike ne, kuma a ba kowa haƙƙinsa, bakanike ne na gaske. Mota na wucewa a titi zai karkata kai ya ce, "Fulogi na uku ya mutu." A tsayar da ita a duba, a tarar haka ne. Matsalarsa ɗaya ce tak: tunda Allah ya ba shi kunnen inji, sai ya ɗauka an haɗa masa da sauran ilimin duniya a matsayin gyara. Ana zancen ciwo, likita ne. Ana zancen shari'a, lauya ne. Ko zancen naƙuda aka ɗauko, sai ya yi wa ungozoma gyara.

Bayan bakinsa, abin da ya fi ji da shi a duniya shi ne abin da ke saman bakin. Gashin baki ne na shekara ashirin da biyu, baƙi wuluk, ya kwanto ya rufe leɓe ruf, gefe da gefe kuma ya murɗe sama kamar kan keke. Yana da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba, inda masu hankali ke sa biro. Mai aski na da izinin taɓa ko'ina a kansa ban da nan. "Iyakarka kunne," yakan ce masa, "daga nan ƙasar wani ce."

Abin da ya jawo maganar kuwa, wayar Mai aski ce da ke jingine a jikin madubi. Wani dattijo ne a ciki, zaune a kan kujerar katako, yana kaɗa jita a hankali, wani irin kiɗa mai ja yana saki, kamar mutum na ba ka labarin yadda duniya ta juya masa baya amma ya ƙi yin kuka. Buluz ake ce masa. Baba Hedimasta, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, wanda kullum yana kan bencin shagon da jaridarsa, shi ya sauke tabarau ya ce, "Wannan kiɗa, a ido ruwa ne, a hannu dutse. Na riƙe 'yan kiɗan makaranta shekaru, na san abin da nake faɗa."

Ai kuwa kamar ya zuba fetur a wuta. Nan Injiniya ya yi waccan rantsuwa ta tsirkiya shida.

Mai aski ya kashe kilifa. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, irin mutanen nan da in sun yi maka murmushi ya kamata ka laluba aljihunka.

"In ka kasa fa, Injiniya?"

"In na kasa? Ni? Ka yi duk abin da ka ga dama!"

Mai aski ya dubi gashin bakin nan, irin kallon da kyanwa ke yi wa kifi. "Shekara goma sha ɗaya ina yi maka aski ina haɗiyar yawu. In ka kasa, wannan tsintsiyar tawa ce. Tas zan kwashe ta."

Hannun Injiniya ya tafi saman bakinsa da kansa. Da mai wayo ne, nan zai yi dariya ya ce wasa yake. Amma mutum biyar ne a kan benci, duk sun zuba masa ido, kuma ka san baki shi ke yanka wuya.

"In na iya fa?"

"In ka iya, in sauke allon shagona, in rubuta *Yaron Injiniya* da jan fenti irin naka."

"Baba, kai ne alƙali!" in ji Injiniya.

Baba Hedimasta ya naɗe jarida. "To, ba ma irin na dattijon nan za ka kaɗa ba, kada a zalunce ka. Akwai ɗan gajeren kiɗan da ake koya wa 'yan farko, gaɓa goma sha biyu ne. Shi kaɗai. Asabar ta ƙarshen wata, da yamma, a ƙofar shagon nan."

"Gaɓa goma sha biyu," in ji Injiniya, yana karkaɗe kafaɗa. "Ku fara neman fenti."

Washegari ya sayo jita a wurin mai sayar da tsofaffin kaya, ya ɗauko ta a kafaɗa kamar wanda ya harbo barewa. Ya zauna a falo, ya laluba waya, ya samo darussa: buluz don 'yan farko, darasi talatin, kyauta. Malamin wani mai furfurar gemu ne, yana magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Injiniya ya karanta kan darasi na ɗaya: yadda ake saita jita.

Ya tuntsire da dariya har waya ta kusa faɗuwa.

"Saiti? Ni za a koya wa saiti? Maman yara, zo ki ji abin dariya! Mutumin da motocin gari ke layi a ƙofarsa don saiti!"

Matarsa tela ce, kekenta na nan a kusurwar falo. Ba ta ko ɗago kai daga ɗinkin da take yi ba. "Baban yara, ko gini daga tushe ake farawa."

"Wannan na magina ne. Mu daga sama muke saukowa."

Ya sa yatsa ya tsallake darasi na ɗaya. Riƙe wannan a ranka, ɗan'uwa: tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya.

Sai ya ɗora jita a cinya, ya taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai irin yadda yake yi wa mota. Ta sama, mai kauri, ta yi gurnani. Ta biye da ita ta ɗan ɗaga. Ta ƙasa, siririyar, ta yi tsuwa kamar sauro. Fuskarsa ta canja. Ya sake taɓawa. Ya girgiza kai, cike da tausayi.

"Wayyo, baiwar Allah. An cuce ki."

"Wa aka cuta?" in ji matar.

"Jitar nan. Wanda ya riƙe ta bai taɓa yi mata sabis ba. Saurara da kyau. Kin ji? Shida ne, kowacce da muryarta! Da inji ne mai silinda shida aka kawo mini yana wannan hauka, wannan na tari, waccan na atishawa, ai ko tambaya ba zan yi ba, sauke shi zan yi. Lafiyayyen inji murya ɗaya yake yi. Ɗaya!"

"To ko haka aka yi ta?"

"Haka aka yi ta? Maman yara, bar wa masu kunne aikinsu."

Kwana uku jitar nan ta yi a kan teburin gareji, kwance a kan tsumma, tsakanin sifana da galan ɗin baƙin mai. Motocin mutane na jira, Injiniya na tiyata. Akwai wasu 'yan maɗaurai guda shida a kan jita, waɗanda ake murɗawa da yatsu biyu, a hankali, kamar mai taɓa ƙurji. Shi da filaya ya kama su. Siraran tsirkiyoyi ya yi ta sassautawa har suka yi laƙwas kamar igiyar shanya bayan ruwan sama. Masu kaurin kuma ya yi ta ɗaurewa, yana murɗawa yana saurare, katako na ƙara yana ce masa, "Yi haƙuri, magani da ɗaci."

A rana ta biyu mafi kaurin ta ce ba ta iyawa. Ta tsinke, tau! ta zabge shi a goshi, ta bar masa layi ja kamar an ja da rula.

"Jabu ce," in ji shi, yana shafa wurin. "Kayan yanzu ba ƙarko."

Ya tafi wurin mai gyaran keke ya karɓo kebur na birki, ya zura a gurbinta, ya ɗaure da noti. Ya shafa wa maɗauran giris. Da yammacin rana ta uku ya ja babban yatsa a kan duka shidan, suka amsa da murya ɗaya.

Ka san wahalar da ke cikin wannan aiki kuwa? Tara makaɗan duniya ka ce su yi, ba za su iya ba, don ba zai ma zo musu a rai ba. Sai mai kunne na gaske. Abin da ke ba da haushi ke nan: wauta in ta samu ƙwararre, sai ta fi ta kowa kyau.

"Yanzu kika zama jita," ya ce mata, ya shafa gashin baki.

Daga nan aka shiga karatu. Ya jingina waya a jikin batirin mota, ya buɗe darasi na biyu. Malam mai furfura ya fara: "Ka tuna, buluz kuka ne. Ka bar jita ta yi kukan a madadinka…"

"Na gane," in ji Injiniya, ya kashe murya.

Daga ranar bai ƙara jin muryar malamin ba, balle ta jitarsa. Dalilinsa biyu. Na farko, mai walda na maƙwabtaka ba ya barin kowa ya ji komai. Na biyu, a cewarsa, mutumin surutu ne da shi kamar rediyo. "Ni da ido na koyi kanikanci. Maigidana bai taɓa yi mini bayani ba, sai dai ranƙwashi." Da ya gano akwai wurin da ake dannawa hoto ya riƙa gudu ninki biyu, ai sai ya ji kamar ya tsinci kuɗi. Malam mai furfura ya koma kamar wanda kunama ta harba, yatsu na tsalle, gemu na rawa, baki na motsi ba sauti.

Kuma ka ji abin takaici: yatsun Injiniya sun koya. Duk inda malam ya ɗora yatsa, nan yake ɗorawa, ba kuskure. Kebur ɗin birki ya fara tsattsagewa yana soke shi, ya naɗe yatsu da baƙin tef na wayarin, ya ci gaba. Da kurma ne ya leƙo garejin, da ya rantse an yi sabon gwani a unguwa.

Masu kunne ne suka shiga uku.

Kullum in ya taso daga aiki, kafin a ci abinci, sai ya baje a falo ya fara. Yaya zan kwatanta maka? Ka taɓa jin ƙudan zuma ya faɗa cikin gwangwani, gwangwanin kuma yana cikin mota, motar kuma tana kan hanya mai gargada? To ka ƙara da akuya mai mura. Kebur na gurnani, sakakkun na ɓal-ɓal, duk a kan murya ɗaya, kamar mutum shida suna gardama kowa na maimaita kalma guda.

Ranar farko jaririn maƙwabta ya callara ƙara. Rana ta biyu karen gidan baya ya ɗaga kai sama ya kama haushi mai ja. Rana ta uku Maman yara ta fito daga kicin, hawaye shaɓe-shaɓe a fuska.

Injiniya ya dakata, ya dube ta cike da jin daɗi. "Allahu akbar. Ya taɓa ki, ko? Kada ki ji kunya, haka kiɗan yake. Malam ya ce kuka ne."

"Albasa nake yankawa."

"Albasa! Shekara nawa kina yanka albasa, na taɓa ganin kin yi irin wannan? Jariri ya yi, kare ya yi, ke ma kin yi. Ko dutse ne ya ji wannan sai ya tsatso ruwa."

Ana haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcinsu ne, uban jaririn, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Injiniya, don Allah ba raini ba. Janaretanku ne nake ji kwana uku yana wani irin kuka. Na ce bari in tuna maka, ka san mai gyaran na wasu shi ke mantawa da nasa."

Injiniya ya rufe ƙofa a hankali. "Hassada," ya ce. "Tun ban fito ba an fara."

Shi kuwa Mai aski bai tsaya gardama ba duk tsawon watan. Abu ɗaya yake yi. Kullum da safe, daidai lokacin da Injiniya zai wuce gareji, sai ya fito ƙofar shago da askarsa yana wasa ta a jikin fata, shau, shau, shau.

"Ina kwana, Injiniya." Sai ya ɗan sunkuya, ya dubi saman bakinsa. "Ina kwana, baƙon Asabar. A dai riƙa ba shi mai, kada ya rame kafin ranar."

"Ka dai tanadi fenti, mai wanke kan mutane!"

A mako na uku wuyan jitar ya fara lanƙwasa kamar baka. Injiniya ya ce ta fara sabawa da hannunsa ne. A kwana na goma sha tara ya gama darasi na talatin, har ya rubuta wa malamin shawara a ƙarƙashin bidiyon, cewa darussan ba laifi amma a rage jan rai, don ba kowa ne mai jinkirin fahimta ba.

Maman yara ce kaɗai ta yi ƙoƙarin ceto shi, wannan kam shaida ne. Ana jibi Asabar, ya shiga wanka ya bar waya a kan kujera. Ta ɗauka, ta danna darasi na ɗaya, ta kara a kunne. Minti huɗu ne. Da ya fito yana taje gashin baki, ta tare shi.

"Baban yara, zauna. Malamin nan naka, a darasin da ka tsallake, cewa ya yi…"

"A'a, a'a, a'a. Ke kuma yaushe kika zama makaɗiya?"

"Minti huɗu ne kawai. Ka saurara, ko don ni."

"Maman yara, kowa ya tsaya a layinsa. Na taɓa zuwa na ce miki ga yadda ake saita keken ɗinki?"

"Ka taɓa. Sau uku. Har yau baya yake ɗinki in ban riƙe shi ba."

"Wannan laifin kamfani ne."

Ta dube shi, ta dubi gashin bakin, ta ajiye wayar. "Shi ke nan. Dama shekara goma sha tara ke nan ina son in ga fuskar mutumin da na aura."

Rana ba ta ƙarya. Asabar da yamma ƙofar shagon aski ta cika. Mai walda ya kashe injinsa, karo na farko a tarihi. Direbobin da motocinsu suka kwana uku a gareji saboda tiyatar jita sun zo, don su ga abin da aka fifita a kansu. Maman yara ta tsaya can baya, ta harɗe hannu. Mai aski ya fito da kujerarsa waje, ya ninke farin ƙyalle a kanta, ya jera aska da sabulu a kan tire, kamar mai jiran babban baƙo.

Sai ga Injiniya. Baƙar malafa, baƙin tabarau, gashin baki ya sha mai yana ƙyalli, yatsu huɗu naɗe da tef. Ya zauna a kan benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Jama'a, kafin in fara, wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙarfi ya matsa baya. A gidana har kare ya yi kuka."

Ya sunkuyar da kai, ya fara.

Yatsu kam sun yi aikinsu, suna hawa suna sauka kamar na malam mai furfura. Abin da ke fitowa ne ba shi da suna. Wani direba ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motarsa. Mai walda, mutumin da ke yini cikin ƙarar ƙarfe, ya toshe kunne. Injiniya ya hango fuskoki sun yamutse ta saman tabarau, ya ce a ransa, *ya kama su*. Ya ƙara ƙaimi, yana kaɗa kai, malafa na rawa. Ya kai gaɓa ta goma sha biyu, ya ja duka shidan da ƙarfi, ya miƙe tsaye ya buɗe hannu.

Babu wanda ya tafa.

Baba Hedimasta ya gyara zama. "To, madalla. In ka gama gwada ta, sai ka fara."

"Baba… ai kiɗan ke nan."

"Wanne?"

"Wanda na yi yanzu."

Dattijon ya miƙa hannu. "Ba ni ita."

Ya ɗora ta a cinya, ya dubi wuyan da ya lanƙwashe, ya dubi kebur ɗin birki, ya shinshina yatsansa da ya taɓo giris. Sannan ya taɓa tsirkiya ta farko. Ta biyu. Ta uku. Har ta shida. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake bi daga farko.

"Shekara talatin da biyar ina koyarwa," ya ce a hankali. "Na ga yaron da ya busa ƙaho ta baya. Na ga wanda ya zauna a kan ganga ya fasa. Ban taɓa ganin wannan ba. Wa ya yi mata haka?"

Injiniya ya bugi ƙirji. "Ni! Da kunnen nan nawa. Kwana uku na yi. Yadda aka kawo ta, Baba, da ka tausaya mata, kowacce tsirkiya da inda ta nufa."

"Kawo wayarka."

Ya miƙa. Baba Hedimasta ya laluba, ya danna darasi na ɗaya, ya ƙure murya, ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai ji. Muryar malam mai furfura ta fito, a hankali, cikin lallashi:

"Barka da zuwa. Kafin ka taɓa komai, ga abu na farko, wanda ko ƙaramin yaro zai riƙe. Tsirkiya shida, murya shida. Kowacce da tata, daga mai kauri zuwa siririya. Wannan bambancin shi ne kiɗan. In ka ji biyu sun yi murya ɗaya, dakata, akwai matsala. Kuma don Allah, da yatsu ake murɗawa, a hankali. Kada ka kusance ta da kayan aiki."

Wani ya fara dariya ta hanci. Ta kama na kusa da shi. Kafin ka ce kwabo, direbobi na riƙe da ciki, mai walda ya zauna a ƙasa daɓas.

"Wannan ra'ayinsa ne!" Injiniya ya daka tsawa. "Kowane gwani da tsarinsa! Ba ku ji ta da kyau ba ne, kebur ɗin ne ya ɗan saki saboda zafi. Ku ba ni minti ɗaya."

Ya fizge jitar, ya zaro filaya daga aljihun baya. Eh, da ita ya zo. Ya kama maɗaurin kebur, ya murɗa sau ɗaya. Katako ya yi ƙara. Ya murɗa na biyu.

Ƙas!

Ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi a cikin jitar ya ɓalle gaba ɗaya, ya yi sama, ya tafi da malafar Injiniya, ya sauka a cikin tiren Mai aski, daidai gefen sabulu. Tsirkiyoyi shida suka zubo suna lilo. Yau kam sun daidaita da gaske, don babu mai cewa uffan.

Daga can baya aka ji muryar Maman yara: "Minti huɗu ne fa."

Mai aski ya warware farin ƙyalle, ya karkaɗe shi, ya nuna kujera. "Bismillah, ranka ya daɗe."

Injiniya ya dubi Baba Hedimasta. Dattijon ya buɗe jaridarsa. Injiniya ya dubi titi, direbobi sun tare. Ya zauna a kujerar.

"Mai aski," ya ce ƙasa-ƙasa, "mu fa 'yan'uwan juna ne. Wa ya gyara maka babur ranar da ya mutu a tsakiyar titi? Ka ɗan rage gefe-gefe kawai, a ce an yi. Ka ji tausayi mana."

"Wallahi da na so," in ji Mai aski, yana kaɗa sabulu. "Sai dai lokacin da nake koyon aski, tausayi shi ne darasi na ɗaya. Ni ma tsallake shi na yi."

Shau. Shau. Shau. Shekara ashirin da biyu suka zubo a kan farin ƙyalle, ko minti huɗun ba a cika ba.

Abin da ya fito daga ƙarƙashi, ɗan'uwa, ba a shirya masa ba. Wata fata ce fara fat, kamar inda aka ɓare filasta, da wani ɗan leɓe siriri mai tsini a tsaka, irin na ɗan tsako. Maman yara ta ratso mutane ta zo gabansa, ta sunkuya ta ƙare masa kallo.

"Sannu, bawan Allah," ta ce. "Ashe haka kake."

Mai aski ya miƙo madubi.

Injiniya ya duba. Ya ɗaga hannu ya taɓa wurin, bai tarar da kowa ba. Sai wani sauti ya taso daga can cikin cikinsa. Ya faro daga ƙasa, da kauri, ya yi ta hawa yana rawa, ya kai wani wuri ya lanƙwasa kamar zai tsinke, ya tsaya a nan yana karkarwa, sannan ya gangaro a hankali ya mutu a maƙogwaro. Ya ja numfashi, ya sake. "Wayyooo… ni… wayyo gashinaaa…"

Dariya ta tsaya. Baba Hedimasta ya sauke jarida. Ƙafarsa ta fara bugun ƙasa da kanta, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama.

"Kowa ya yi shiru! Kun ji? Kun ji yadda ya ja ya saki? Jama'a, wannan shi ne buluz! Wallahi ko dattijon cikin waya bai fi haka ba!"

Mai aski ya karkaɗe ƙyallensa, iska ta kwashi gashin ta yi titi da shi.

"Ashe kiɗan na ciki tun tuni," ya ce. "Salansar nan ta saman baki ce ta toshe shi."